Kwamanda da Turakun Bakin Dogo

"Muddin ina numfashi, ɓarawon da zai taɓa wayar nan ba a haife shi ba!"

Mai wannan magana mijin ƙanwata ne, wanda unguwa ke kira Kwamanda, ko da yake rundunar da ya taɓa jagoranta a duniya ba ta wuce agwagin matarsa ba, su ma ba sa jin maganarsa. Ya faɗe ta ne ranar da ma'aikata suka gama binne wayar intanet a gefen layin dogo, wadda za ta kai wa makaranta da asibiti da tashar jirgi. Suka bi kanta suka kafa gajerun turakun siminti masu jan kai, don mai haƙa ya san akwai abu a ƙasa. Aka kuma ce ranar buɗewa za a naɗa mai kula da yankinmu, har da kaki da hula. To, ka ga inda zuciyar Kwamanda ta tafi.

Ya same ni a zaure ina goge tabarau.

"Yaya, ka ga wautar masu digiri? Sun binne dukiya, sun kafa wa ɓarawo alama!"

Na ce, "Don masu haƙa aka kafa."

"Shi ɓarawon da cokali yake zuwa?"

Na ci gaba da goge tabarau. Tsufa ya koya mini cewa wasu mutane sai kallo.

Gwanin naka ya tumɓuke turakun nan kakaf, ya tsallaka dogo da su a kafaɗa, ya jera su a ɗaya gefen. Ya dawo yana tafiya kamar an naɗe shi biyu, ƙanwata na gasa masa baya yana cika baki: "Yanzu ɓarawo ya haƙa har ya tarar da ruwa!"

Da bukin buɗewa ya matso, ya karɓe aikin rumfar manyan baƙi, ba wanda ya sa shi. Masu kafa rumfa mutanen kirki ne, suka hango turaku can ƙetaren dogo, suka ce nan gefen lafiya lau. Shi kuwa hankalinsa na kan inda kujerarsa za ta fuskanci mai hoto. Ya nuna da sanda.

"Nan! Ku zurfafa, kada iska ta kunyata ni."

Diga ta ci karo da wani baƙin abu.

"Kwamanda, akwai abu fa."

"Saiwa ce. Sare ta!"

A filin da ko ciyawar kirki babu, balle bishiya.

Ranar buki babban baƙo ya gyara riga, ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Allon kwamfutar da aka girke a gabansa ya tsaya baƙi ƙirin, 'yan makaranta suka tafa duk da haka, don an riga an koya musu. Ma'aikata suka ruga wajen turaku, suka haƙa gindin na farko, ba waya. Na biyu, ba waya. Shugabansu ya dawo gumi na zuba.

"Ranka ya daɗe, an kwashe wayar yankin nan gaba ɗaya. Wa yake gadi?"

Unguwa duka ta juya wuri guda. Ɗan sanda ya dafa kafaɗar Kwamanda. Na ga bawan Allah yana auna abu biyu a ransa, a kira shi ɓarawo ko a kira shi wawa. Har na ji tausayinsa, kaɗan.

Ya dubi babban baƙo, ya ce da ƙaramar murya, "Ba a sace ba, ranka ya daɗe. Tana ƙarƙashin kujerarka. Sai dai... ta zama biyu."

Aka tashi baƙi, aka rushe rumfa, aka sa shi mayar da turakun ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka, jama'a na yi masa sannu. Ƙanwata ta tsaya kusa da ni tana kallonsa, ta yi ajiyar zuciya.

"Yaya, ka roƙe su su ba shi kakin nan mana. Tun da aka binne wayar, shi kaɗai ya taɓa kama wanda ya yanke ta."