Rabin Gwiwar Alhaji Kailani

Duk wanda ya ce Tudun Wada ba ta da manyan mutane, to bai taɓa ganin Alhaji Kailani Nagoda yana saukowa daga keke ba. Mutum ne da ko atishawa ya yi sai ya waiga ya ga wa ya shaida. Aikinsa a da buga hatimi ne a wani ofishi, kuma a faɗarsa, tun da ya yi ritaya ba a ƙara samun hatimin da ya zauna daidai ba.

Da girma ya zo, amosanin gaɓɓai ya kama masa gwiwar dama. Sauran tsofaffi kan ce gwiwa ta gaji, shi kuwa ya ce tasa nauyin al'umma ne ya danne ta. Likita ya duba hoto ya ce guringuntsin gefen ciki ne kaɗai ya cinye. Za a kankare wurin a sa ɗan ƙarfe da roba, a bar sauran.

"Rabin gwiwar za mu canja, Alhaji. Ɗaya rabin lafiyarsa ƙalau."

"Rabi?" in ji Alhaji. "Likita, ni ko kaza ban taɓa sayen rabi ba."

Sai da matarsa, Hajiya Salwa, ta zungure shi da gefen jaka sannan ya yarda.

Aiki ya yi kyau. Amma kafin Alhaji ya koma majalisarsu ta gindin darbejiya, a ƙofar shagon Okey mai kayan gyaran mota, kalmar rabi ta ɓace a hanya. Gwiwa sukutum aka sa masa, ta Jamus, irin ƙarfen da ake ƙera jirgin sama. Kafin mako unguwa ta raɗa masa Alhaji Bajamushe, ya kuwa riƙa amsawa har da ɗaga hannu.

A cikin gida Hajiya na tsare shi da motsa ƙafar da likita ya ce, yana lanƙwasawa yana miƙewa yana kiran sunayen Allah, har ƙafar ta warware sarai. A waje kuwa sai ya ɗauki sanda mai kan zaki yana ɗingishi na alfarma, don ya lura ba a yi wa mai lafiya sannu. In hadari ya taso yakan shige gida, wai kada aradu ta gane shi.

"Jama'a," yakan ce yana shafa gwiwar, "wannan ƙafa ta wuce a taka tabarma da ita. Ku ɗan matsa, tana jan waya kamar mayen ƙarfe."

Okey ya tambaye shi tsakani da Allah, "Alhaji, sabuwa ce ko 'yar Kwatano? In ta fara ƙara, ina da giris."

Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne Alhaji Isiyaku, mai haƙorin Makka, wanda a da shi ake kallo a majalisar. Isiyaku ya yi murmushi har haƙorin ya haska, ya ce, "To, nawa dai ana gani."

Alhaji Kailani ya buga sanda a ƙasa. "Gobe ku biyo ni banki. Ƙofar nan tasu mai ƙin ƙarfe, in ta bar ni na shiga, ku daina ce mini Alhaji!"

Washegari majalisa ta cika keke mai ƙafa uku har biyu. Alhaji ya miƙa wa maigadi sandarsa da makullansa, ya gyara babbar riga, ya shiga 'yar ƙofar gilashin. Ta rufe, ta yi ƙara, ta ƙi buɗewa ta ciki. Ya fito fuska kamar ango.

"Kun ji? Jamus ke magana!"

Maigadi ya ce, "Baba, duba aljihu dai."

Alhaji ya zura hannu don ya kunyata shi. Sai ga ɗan gwangwanin man zafi, wanda yake shafa wa gwiwar hagu a ɓoye. Maigadi ya karɓa ya ce a sake gwadawa. Alhaji ya shiga, ya turo gwiwar gaba, har ya ɗan goga ta a jikin gilashi. Ƙofa ta buɗe shiru, cikin ladabi, kamar yadda take buɗe wa kowa.

A ciki wata ma'aikaciya ta ce, "Barka da zuwa, Baba. Me za a yi maka?"

Ko asusu ba shi da shi a bankin. Ta gilashi yana hango Isiyaku ya riƙe ciki, haƙori na walƙiya. Ya juya ya fito, ya ratsa majalisar bai kalli kowa ba, ya tsallake kwata da tsalle ɗaya, ya miƙi titi da saurin da ya wuce wani mai tura baro.

Okey ya bi shi a guje da sandar, yana haki yana kira, "Malam Kailani! Malam Kailani, tsaya mana, ka manta ɗingishinka!"