Rasuwar Maɓallin Kibiyar Sama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, mai shagon ɗinka tambari a riguna, da mai ɗakinsa, da maƙwabcinsu mai gyaran agogo, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Maɓallin Kibiyar Sama na kwamfutar shago, wanda ya cika a ƙarƙashin yatsan maigidansa bayan doguwar jinya.

Marigayin mazaunin kusurwar ƙasa ne a kibod, allon maɓallan kwamfuta, ba mai son a san da zamansa ba, amma shi ke riƙe da shagon. Manhajar da ke tuƙa injin tambari ba ta da hoton da za a danna, sai an buɗe wata baƙar taga a fuskar kwamfuta an rubuta mata umarni take tashi. Yayan mai shago ne ya saka ta, ya rubuta umarnin da hannunsa, ya nuna wa ƙanensa cewa in ya taɓa Kibiyar Sama, abin da aka rubuta a baya zai dawo da kansa. Yaya ya daɗe da rasuwa. Tun daga lokacin mai shago bai taɓa rubuta umarnin ba, ko karanta shi bai tsaya yi ba. Kullum da safe ya danna marigayin, ya bi da maɓallin Enta, ya juya ya ɗora ruwan shayi.

An shaide shi da riƙon amana da ƙarancin magana. Duk zamansa kalma ɗaya aka ji daga bakinsa, ita ce “ƙyas”. Da ciwo ya kama shi ta koma “ƙuf”, sai an tashe shi sau biyu ko uku yake amsawa. An yi masa magani iya gwargwado: an hura masa iska, an zaƙulo zare daga ƙarƙashinsa da allura, mai gyaran agogo ya ɗiga masa mai. Ranar da abin ya zo, “tas” kawai ya ce, ya tafi da umarnin a bakinsa.

Rigunan 'yan makaranta na jibge har rufi suna jiran tambari, hutu kuma ya zo ƙarshe. Mai shago ya zauna gaban baƙar taga ya rubuta sunan manhajar yadda ya saba ganinsa, taga ta amsa cewa ba ta san wannan umarni ba. Ashe sunan da manhaja ke yawo da shi daban, wanda take amsawa daban. Ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya rubuta da ƙanana, ya haɗe, ya raba, ya ƙara lamba a wutsiya. Ya rubuta buɗe, ya rubuta don girman Allah buɗe. Mai ɗakinsa ta gwada sunan injin. Masu zuwa jaje suka shiga layi, kowa da tasa: mai aski ya rubuta sunansa, wani direba ya rubuta lambar motarsa. Amsa ba ta canza ba ko ga wanda ya zo da alwala.

Daga baya ne wani ya kawo shawarar aron kibod, shawarar da ta makara. Aka jona, mai shago ya danna kibiyar baƙon. Lambar motar direba ta fito. Ya yi ta hawa, yana wuce roƙonsa da na unguwa layi bayan layi, har ya kai inda ba a wucewa. Kwamfuta na da iyakar abin da take tunawa, in sabo ya shigo tsoho ke fita. Zato-zaton masoya ya ture rubutun Yaya waje, kuma shi ne abu na ƙarshe da ya rage na hannunsa a shagon. Wannan ya fi rigunan yi wa mai shago ciwo.

Marigayin ya bar abokiyar tagwaicinsa, Kibiyar Ƙasa, wadda ba ta iya komai sai an fara hawa. Da ƙannensa Hagu da Dama. Da amininsa Enta, wanda ya rasa abin da zai tabbatar.

Za a sa shi a kwalin ashana, a binne shi a aljihun tebur kusa da almakashi, bayan an rufe shago. Ana karɓar gaisuwa a gefen injin, wurin shiru ne yanzu. Wanda ya san sunan da manhajar ke amsawa, a taimaka a zo da shi kafin a koma makaranta. Ana roƙon sauran jama'a su riƙe hannuwansu. Za su tarar da kalmar ƙarshe da mai shago ya rubuta a tagar, ya hana a goge: yaya. Mai gyaran agogo na ganin tambaya ce, yaya za a yi. Matar mai shago ta san kira ne. A ƙarƙashinta kwamfuta ta amsa cewa ba a same shi ba.