Sabitu Guguwa da Notin Tobo

A tashar Bauchi babu wanda bai san Sabitu Guguwa ba, direban motar haya a layin Jos. Guguwar ma shi ya raɗa wa kansa, ya sa mai fenti ya rubuta a bayan mota. Motar kuwa mai shan gas ce, tsohuwa tukuf. In ta kama hawa, har masu keke sallama suke yi mata su wuce.

Amma ku ji bakinsa a teburin mai shayi:

"Ni fa hira muke yi da inji. In ya yi tari na san abin da ke damunsa. Kanikawan garin nan kaf, dauɗar riga kawai suka fi ni."

Ɗanjummai, abokin layinsa, wanda kullum yake wuce shi a hanya yana ɗaga masa hannu, ya ce, "Gaskiya ne. Jiya ma na gan ku a Toro kuna hirar, fasinja na turi."

Aka kwashe da dariya. Maganar ta ƙona wa Sabitu rai. Ga shi kuma Malam Barau, mahaifin Hansatu da yake nema, ya aiko cewa gobe zai bi shi Jos ta'aziyya. Suruki a gidan gaba, Ɗanjummai ya zo ya wuce yana ɗaga hannu? Ina!

Sai ya faɗa lalube a waya, ya ci karo da bidiyon wani Bature yana taɓa tobo, na'urar nan da ke ɗura wa inji iska ya ƙara ƙarfi. A jikinta akwai 'yar ƙofa da ke buɗewa ta rage matsi in ya yi yawa, da wani siririn ƙarfe mai noti da ke jan ta. Baturen ya murɗa notin ɗan kaɗan, ya duba agogon awo, ya ɗaga yatsa yana gargaɗi da yarensu. Ko kalma ɗaya Sabitu bai ji ba.

"Matsoraci," in ji shi. "Wannan murɗi ne ko shafa?"

Ya ɗage bonet a tsakiyar tasha, don kowa ya shaida. Ya kama sifana. Ƙiii, ƙiii, ƙiii, har noti ya ƙure. Bai ƙoshi ba, ya samo wayar ƙarfe ya ɗaure ƙofar tamau.

Ɗanjummai ya leƙo. "To Injiniya, in iskar ta cika ciki, ta ina za ta fita?"

"Ta taya. Gobe ka riƙe hularka."

Da safe Malam Barau ya iso da farar babbar riga ta sha guga. Sabitu ya durƙusa har ƙasa, ya buɗe masa gidan gaba. Mota ta cika, aka ɗau hanya.

Kai jama'a! Tsohuwa ta koma budurwa. Tobo na fito, fiiii! Suka cim ma Ɗanjummai, suka wuce shi fuuu, Sabitu ya zuro hannu har kafaɗa yana yi masa adabo.

"Baba, aikin hannuna ne fa wannan."

Malam Barau ya damƙe kujera. "Yaro, a hankali. Gaisuwar mutuwa za ni, ba tawa nake so a zo ba."

"Kwantar da hankalinka, Baba. Muddin ina kan sitiyari, ko ƙuda ba zai taɓa ka ba."

Suna kama dogon hawan nan na bayan Toro sai ji kake tas! Inji ya kwarma ihu. Sabitu ya ɗauke ƙafa daga totur, ihu ya ƙaru. Ya taka burki, ya cire giya, ya gangara gefe, ya zare makulli. Inji ko a jikinsa. Ashe tobo ce ta fashe, inji ya koma shan baƙin mansa, ba ruwansa da makulli. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe titi, mota na rawa kamar mai zazzaɓi.

Sabitu ya dubi makulli a hannunsa, ya dubi bonet.

"Wayyo Allah! Za ta tashi da mu!"

Ko ƙofa bai nema ba, ta taga ya fice. Fasinja suka watse cikin gona, wata mata da takalmi ɗaya. Malam Barau kuwa ya ja ƙofa ya ja, ta ƙi. Ta waje kaɗai take buɗuwa, kuma duk duniya Sabitu ne ya fi sanin haka.

Can inji ya yi gwaram, gwaram, ƙas! Ya mutu murus.

Ɗanjummai ne ya iso ya buɗe wa tsohon. Ya fito yana tari, rigar nan ta koma ta mai gawayi.

"Ina direban?"

Aka duba gabas, aka duba yamma. Sai wani fasinja ya nuna sama. Ga Guguwa can a ƙololuwar bishiyar mangwaro, ya rungume reshe, makulli a baki.

Ya sulalo a hankali, ya durƙusa. "Baba, wallahi ba gudu na yi ba. Ruwa na tafi nema, a kashe wuta."

Malam Barau ya dube shi daga hula har ƙasa, ya gyaɗa kai.

"Ai kuwa ka samo, yaro. Ga shi nan a wandonka."