Mai Gani Ta Ƙeya

Duk garinmu, daga bakin kogi har hanyar birnin Gent, babu mai ido irin Firmin Dekeyser mai shagon cuku. Shi ya faɗa, mu kuma mun yarda. Mu idanu biyu aka ba mu. Shi an ƙara masa na uku a ƙeya, shi ya sa muke ce masa Mai Gani Ta Ƙeya.

A cocinmu akwai tsohon zane na fentin mai a kan katako, ya haura shekara ɗari biyar. Marafai biyu gare shi kamar kabad. In an buɗe, sai ga Maryamu cikin jan mayafi, rungume da jaririnta, ga ɗan ƙaramin kare a gefen ƙafarta. Ni da ban yi karatu ba, nakan zauna a bencin baya in yi ta kallonta. Firmin ya wuce wannan matsayi. Da baƙi sun zo sai ya tsaya a gabanta, ya ba ta baya, ya lumshe ido, ya kama bayani. Baƙi su leƙa ta dama, kafaɗarsa ta tare. Su leƙa ta hagu, hularsa ta tare.

"Kallo ba na kowa ba ne," in ji shi. "Ni da mai zanen nan, ranmu ɗaya."

Sai aka ce Bishop zai zo ya naɗa shugaban masu kula da zanen. Firmin ya ɗinko sabon kwat, har ya gaya wa masu sayen cuku su fara saba bakinsu da kiransa Shugaba.

Ranar ta faɗo tsakiyar azumin kwana arba'in. A garinmu ko yaro ya san ana rufe marafan a azumi, sai bikin Ista ake buɗewa. Bayansu ba komai sai zanen waliyyai biyu masu launin toka. Firmin kuwa rabonsa da coci tun Kirsimeti, don baƙi ba sa zuwa da sanyi.

Ya tari Bishop a bakin ƙofa, ya shigo da baya da baya yana jagora, har ya tsaya inda ya saba. Ya lumshe ido.

"Ranka ya daɗe, dubi jan nan! Yau ma ya fi kullum haske. Dubi lu'ulu'un goshinta, har tagar ɗaki ake gani a ciki. Kai, ni hawaye yake sa ni."

Bishop ya dubi rufaffun marafan masu launin toka, ya dubi Fada, limamin cocinmu. Fada ya dubi takalminsa. Yayar Firmin, Godelieve, wadda ta goya shi, ta ɗaga sandarta daga benci.

"Kai Firmin, don Allah juya."

Ya juya. Ya daɗe a juye. Bishop, mutumin kirki, ya ce lalle bai taɓa gamuwa da mai gani ta cikin katako ba, sannan ya ba wata malamar makaranta kujerar shugabancin.

Ranar Ista aka buɗe marafan. Na ga Firmin cikin sabon kwat ɗinsa, wannan karon fuskarsa ga zanen. Ya matsa kusa, ya gyara tabarau, ya nuna gefen ƙafar Maryamu, ya waiwayo a fusace.

"Wa ya ba da izinin a ƙara ɗan karen nan?"