Kalma ta Bakwai

A wani gari da ake kira Mun-Waye, Mai Martaba Sarkin Cigaba ya tashi wata safiya ya ce sallama ƙauyanci ce. Daga yau duk ƙofar da ke garin, ta kasuwa, ta asibiti, har ta gidan mutum, ba za ta buɗe ba sai mai shiga ya sa hannu da jakar kirifto, wato jakar kuɗin intanet, da ke cikin wayarsa. Ba hannun da ake cin tuwo da shi ba fa, wani hannu ne da ba a gani. Ita jakar kuma mabuɗinta kalmomi goma sha biyu ne, wanda duk ya san naka, to shi ne kai. Majalisa ta tafa. Rabinsu sun zaci jakar rabawa za a yi.

Inna Tabawa ba ta da boko, amma tana da kai, ta haddace nata tsaf. Wata uku tana danna waya tana shiga gidanta kamar kowa, sai ranar da wayar ta faɗa cikin ƙullun koko. Ta je ta sayo sabuwa, ta tsaya a ƙofar gida. Sabuwar ta ce sai ta faɗi kalmomin da baki kafin jaka ta dawo.

Ta fara: turmi, gajimare, kaza, allura, tudu, gishiri. Ta bakwai ita ce "baƙo". Sunan ɗanta na fari ke nan, shekara talatin bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Wannan yaron," in ji ta.

Waya ta ce ba daidai ba.

"Babban gidan nan. Yayan su Ladi."

Waya ta ce saura gwaji ɗaya.

Aka kira Injiniya Sallau, Daraktan Amana na Hukumar Sauƙaƙa Rayuwa. Ya zo da kwat cikin rana tsaka, gumi har cikin takalmi.

"Inna, ai abin nan ya fi sallama tsaro. Ba ruwansa da fuska, ba ruwansa da murya."

"Ɗan nan, ni na dasa ƙofar nan da kuɗin awakina."

"Ba ta san wannan ba. Lissafi kawai ta sani. Faɗa mini a kunne in taimake ki."

Ta raɗa masa sha ɗaya. Da ya tambayi ta bakwai sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce sunan ɗan farinta ne. Ya juya ya tambayi 'yan kallon da suka taru, layin gaba ɗaya ya amsa, "Baƙo!"

Injiniya ya faɗa wa tasa wayar, ya danna. Ƙofa ta buɗe ta ce, "Barka da dawowa, Inna Tabawa." Ya shiga don ya gwada, ta rufe. Can sai aka ji ya kunna fanka.

Tabawa ta tafi majalisa da ƙafa. Magatakarda ya duba allo ya ce Inna Tabawa tana gida tun ƙarfe ɗaya, ga sa hannunta, kuma ba ta kawo ƙarar kowa ba.

"To ni wace ce?"

"Sa hannu mu gani."

Da la'asar mijinta Malam Nomau ya dawo daga gona ya same ta zaune a dakali. Ta miƙe da sauri.

"Malam, gaya musu ka san ni."

Ya danna wayarsa. Ƙofa ta ce maiɗakinsa na ciki tana jiransa. Ya dubi Tabawa, ya dubi ƙofa, ya sake duban Tabawa, ya sosa ƙeya.

"Baiwar Allah, kin yi kama da ita sosai, wallahi. Amma ni ba zan ja da ilimi ba."

Ya cire takalmi ya shiga.