Injin Kawu da Ƙofar Mahadi

Ku da kuke cewa karatuna ya yi mini rana, bari ku ji yadda muka ƙare a shagon Kawu Ɗanjuma.

Kawu kafinta ne, shekara talatin yana fafe ramin haɗa katako da cizal da guduma. Bana sai ya sayo wani injin hannu mai aiki da wuta, wanda bakinsa ke juyawa kamar guguwa, ya fafe rami kafin ka haɗiye yawu. Injin ya zo da ɗan littafinsa cikin Turanci. Ni kuwa duk gidanmu an san cewa da kwalayen magani da tsofaffin littattafan yayyena na koya wa kaina karatu, don haka da na kai masa abincin rana sai ya miƙo mini, ya ce in duba masa abin da masu injin suke cewa.

Da ba don Mahadi na zaune a kan benci ba, da na karanta na kama hanyar gida. Mahadi tela ne a layinmu. Ya gina ɗaki a gidansu, ya ba Kawu aikin ƙofa, kuma unguwa duka ta san abin da ake nufi in saurayi ya gina ɗaki. Abin da ba a sani ba shi ne wa za a saka a ciki. Ni dai wata takwas ina kai masa ɗinkin da bai yage ba, bai taɓa ce mini komai ba bayan sannu da zuwa. Sai na ce yau zai san akwai mace mai ilimi a layin nan.

Na gyara murya na fara. Na ce a matse katakon da ƙarfe a jikin tebur, ba a danne shi da gwiwa yadda Kawu ya saba ba. A sa tabarau. A riƙe injin da hannu biyu. Kada a nutsa bakinsa gaba ɗaya, a bi ramin kaɗan-kaɗan, sawu uku ko huɗu. Kawu ya ce shi tun ba a haife ni ba yake fafe rami, ya danna injin da ƙarfinsa, sai ga hayaƙi da ƙauri, katakon ya yi baƙi ƙirin. Na girgiza kai irin na malamai.

Mahadi ya ce, "To Malama Barira, tunda ke kika karanta, a nuna mana mana."

Sunana ne a bakinsa, karo na farko. Ai ban san lokacin da na ɗaure mayafina ta baya ba, na ɗora tabaran Kawu da ya rufe mini rabin fuska. Na matse katakon firam ɗin ƙofar, na kunna, na danna ɗan maɓallin da ke riƙe injin a kunne don kada yatsa ya gaji. Sawun farko ya fita sumul. Na biyu ma haka. Ina cikin na uku aka ɗauke wuta.

Shagon ya yi tsit. Na ɗaga injin, na kwantar da shi a kan ƙyauren Mahadi da ke shimfiɗe a ɗaya teburin, wanda Kawu ya kwana biyu yana gogewa da samfefa har kana ganin fuskarka a ciki. Na juyo na cire tabarau a hankali, na shiga yi musu bayanin cewa yawancin haɗarin inji gaggawa ce ke kawo shi, da rashin natsuwa. Mahadi yana gyaɗa kai, yana kallona. Ni kuma ina ta jan zancen don kada kallon ya ƙare.

Ina kan kalmar natsuwa aka dawo da wuta.

Injin ya yi kururuwa ya zabura. Ya bi fuskar ƙyauren a karkace, yana tsalle yana feshin garin katako, daga tsakiya har gefe. Ni da na zo koyar da natsuwa, sai ga ni a bayan buhun ƙusa, takalmi ɗaya a ƙafa. Kawu ne ya zagaya ta bango ya fizge wayar daga soket. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, sai ƙyauren, da ya samu tsaga kamar hanyar tururuwa.

Na fito ina kakkaɓe jiki, na ce ai littafin bai faɗi abin da za a yi in an ɗauke wuta ba. Kawu ya ce wanda ya rubuta shi a garinsu ba a ɗaukewa, shi ya sa ya bar wa mai hankali wannan shafin.

Kawu ya ce zai sake wani ƙyauren. Mahadi ya shafa tsagar da yatsa, ya ce a bar masa wannan, haka yake so. Kunya ta ishe ni, na ce cikin ƙaramar murya, "Haba Malam Mahadi, wace amarya ce za ta yarda ta riƙa kallon wannan ɓarnar kullum?"

Bai ɗago ba ya ce, "Wadda ta yi ta."

Kawu ya dube shi, ya dube ni, yana naɗe wayar injin a hannu.

"To Allah ya sa alheri. Amma ɗana, ka ji shawarata: ka kafa ƙofar, kada ka ja wuta ɗakin."