Jan Birona da Injin Duba Jarrabawa

Ana gobe jarrabawar ƙarin girma ta malamai, na tara abokan aikina a makarantarmu ta Miri na ce, "Wai inji ne zai duba? Ya duba mana! Ni da na tsufa ina duba takardun yara?"

Da sakamako ya fito, sifili aka ba ni. Ni fa!

Na ja hedimasta ya zama shaida, muka hau acaɓa sai ofishin jarrabawa. Na buga tebur na ce injinsu makaho ne, a kawo mai ido.

Wata jami'a ta zaro takardata a natse. "Malam, cewa aka yi a cike da'ira da fensir. Wannan fa?"

Na leƙa. Ashe kowace amsa maki na buga mata da jan biro, yadda hannuna ya saba. A ƙasa har na haɗa jimla, na rubuta wa kaina "Da kyau."

Hedimasta ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Har yau, ko atishawa na yi a ɗakin malamai, sai wani ya ɗago kai ya ce, "Da kyau, Malam."